Yadda Gamba Ta Kusa Cinye Tudun Shuwaka

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba ƙafa aikin yi, ya halicci kai ya tsirar masa da gashi don kada wanzami ya kwana da yunwa. Bayan haka, ni ne Cindo ɗan Barau, wanzami jikan wanzami, wanda ya haye Tekun Shuni da zabira a kafaɗa, ya ratsa Duwatsun Gishiri a bayan jaki. Ku matso ku ji abin da idona ya gani a Tudun Shuwaka. Wanda ya gaskata ya kyauta, wanda ya musa kuwa hanya na nan, ya je ya gano.

Baki ne ya fitar da ni daga garinmu. Askata ba ta taɓa yankar kowa ba, amma harshena kam ya yi ɓarna. Abin da na ji a kan wannan kai sai in sauke shi a kan wancan, har manyan unguwa suka haɗa baki suka bar suma, suka daina kirana. Na ga zama ya ƙare. Na ɗaure zabira, na hau jakina mai suna Sannu-da-ƙoƙari, na ce zan nemi garin da kawuna suka fi wanzamai yawa in zama Sarkin Aska a can.

Bayan wata bakwai na isa Birnin Madubai. Ganuwarsa madubi, bangon gidajensa madubi, har rumfunan kasuwa. Madubin can ba ya nuna maka yadda kake, yadda kake so ka zama yake nunawa. Na duba na ga kaina da rawani da alkyabba, ga tumbi irin na masu gida, na tsaya ina sha'awar kaina tun hantsi har la'asar. Birnin maƙil yake da samari da 'yan mata da suka zubo daga ƙauyuka. Suna dako, suna wanki, suna shara, wanda ya gaji sai ya ɗaga kai ya ga kansa attajiri a bango, ya yi murmushi ya ci gaba.

Sana'a ce ta cece ni. Wanzami ya saba tsayawa a bayan mutum, madubi kuwa ba ya nuna ƙeya. Da na fara yi musu aski sai na ga ƙeyoyi ramammu, wuyan kowace riga a yage. Na shafa tawa na ji ita ma ta fara zurmawa. Washegari na sunkuyar da kai, na kama wutsiyar jaki, ban ɗago ido ba sai da muka bar ƙofar gari da zango guda.

Kwana tara ina wuce kufai bayan kufai, sannan na shiga gamba. Ba irin wadda muke yin zana da ita ba ce. Ta fi raƙumi da mahayinsa tsawo, kowane ganye a lanƙwashe kamar kunnen zomo. Ina tafiya shiru ina tunanin abin da zan ci, sai na waiga na ga hanyar da na biyo ta rufe. Na duba gaba, nan ma rufewa take yi a hankali, ba iska ba komai. A daidai wannan lokacin Sannu-da-ƙoƙari ya ga dama ya toge. Tsoro ya sa na hau shi da masifa. Na zagi uwarsa, na zagi kakansa, na tuna masa dawar da ya sace mini a bakin teku. Shi kuma ya wangale baki ya rama da kuka. Abin mamaki, sai gamba ta ja da baya ta buɗe mana hanya. Ban tsaya neman dalili ba, muka yi ta cacar baki ni da jakin har muka ɓulla wani tudu mai gidaje.

Gidajen sun fi ɗari biyu. Mutanen da suka fito tarata su goma sha tara ne, mafi ƙuruciyarsu ya ba saba'in baya. Na dubi kawunan mazan: kash, duk masu sanƙo ne. Mai garin, wani dogon tsoho da ake kira Baba Shekarau, ya zaunar da ni a buzunsa.

"Ɗan nan, ta cikin gamba ka biyo? Kai kaɗai?"

"Ni da jaki, Baba. Muna tafe muna faɗa."

"Shi ya fisshe ka," in ji shi. "Gambar nan kunne gare ta. Abin da take gudu motsin gari ne: turmi, kukan jariri, ƙarar guga, mata na ciniki. Garin da ya yi shiru sai ta riƙa matsowa, taku ɗaya yau, taku ɗaya jibi. Ta ci mana gonaki, ta ci kasuwa. Ranar da ta kai bakin rijiya, Tudun Shuwaka ya mutu. 'Ya'yanmu sun tafi Birnin Madubai shekara goma sha ɗaya ke nan. Ba aike, ba saƙo."

"Kun gwada buga mata ganga?"

"Rawa take yi."

Na je na auna da ƙafata. Daga rijiya zuwa gamba taku sittin. Kwana biyu na yi a garin na gane wadda ke riƙe da taku sittin ɗin nan: Iya Tabawa, ƙanwar mai gari. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai haƙori uku, amma tun asuba take faɗa. Ta yi da wanta, ta yi da maƙwabta, in ta rasa abokin yi ta koma kan kaji.

Baba Shekarau ya ce da ni, "Kana da ƙafa, kana da baki. Je ka nemo mana mutane, ko daga ina ne. Ga gidaje, ga gonaki, kyauta. In ka kawo su, kai ne Sarkin Aska."

Iya Tabawa ta taɓe baki. "Wannan mai surutun? In ya kawo ko kare ne a sake mini suna."

Na nufi gabas, ni da jaki muna zagin juna har muka fita gamba. Kwana goma sha biyu muka isa Tafkin Ƙwarya, ko in ce inda yake a da. Wata safiya ce masuntan wurin suka tashi suka tarar tafkin ya yi ƙaura, ya bar musu taɓo. Shekara uku ke nan suna zaune cikin kwalekwalensu a kan busasshiyar laka, suna cin saiwa da ƙadangaru, suna jiran ya dawo. Su sittin da huɗu ne, yawancinsu matasa, ga yara kamar a yi kyauta da su. Na dubi sumar da ke kansu, yawuna ya tsinke.

Na hau wani kwalekwale na saki harshe. Na ce na zo daga garin da gero ke tsira ba shuka, inda kaji ke ƙwai sau biyu a rana, ruwan rijiya kamar madara. Ina cikin yi sai wata mace mai faɗin kafaɗa ta ɗaga hannu. Marka sunanta, ita ce ta fi kowa iya jan taru lokacin da akwai ruwa, kuma maganarta suke ji.

"Malam wanzami, zumar ta yi yawa. Faɗa mana aibin garin."

Na yi ta kame-kame, ta kafe ni da ido. Ban taɓa faɗin gaskiya tsirara ba sai ran nan. Na ce ruwan rijiyar da ɗan ɗaci, rufin gidajen ya zube, mutanen gari tsofaffi ne goma sha tara, kuma ga ciyawa mai kunne tana shirin haɗiye su.

"Yanzu ka yi magana," in ji Marka. "Garin da ba shi da aibi me zai yi da mu? Mu ba sadaka muke nema ba. In aiki ne, ga hannu."

Suka tashi, amma suka ƙi barin kwalekwalen. Kowane gida ya yi gammo ya ɗauki nasa a ka. Da muka shiga gamba, yara na kuka, mata na kiran awaki, maza na musun wa ya taka wa, sai ciyawar ta dare har da rawar jiki. Na ce a raina, Cindo, ka gama aiki, saura naɗi.

Tsofaffin Tudun Shuwaka sun yi kuka da suka gan mu. Na ga Baba Shekarau ya ɗauki wani jariri yana shinshinar kansa, ni ma sai da na share ido da hular kaina. Iya Tabawa kuwa ta dube ni ta ce sunanta na nan yadda yake, ai ba kare na kawo ba.

To, a nan ne aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Mutanen Tudun Shuwaka suna da wata al'ada da suke tinƙaho da ita tun kaka da kakanni. Baƙo ba ya taɓa taɓarya, ba ya taɓa fartanya, ba ya riƙe igiyar guga, ba ya hura wuta. Ba a ɗaga murya a gabansa, kuma ba ya laifi. Al'ada ce mai kyau, sai dai tunda aka kafa garin ba su taɓa baƙon da ya wuce kwana uku ba, don haka ba wanda ya taɓa tunanin ranar da baƙunci ke ƙarewa.

Tsofaffi goma sha tara suka ɗau nauyin mutum sittin da huɗu. Su ne ɗebo ruwa, su ne girki, su ne kai akushi har ƙofar ɗaki da rusunawa. Marka ta miƙa hannu za ta karɓi tulu, aka ce, "Haba baƙuwa, Allah ya kiyaye!" Mazan suka tambayi inda gonaki suke, aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa. Su kuma masuntan kunya ta kama su. Suka riƙa magana da raɗa, suna tafiya da sanɗa. Yaro ya buɗe baki zai yi kuka, uwarsa ta toshe da nono ta ruga da shi ƙuryar ɗaki, kada a dami masu gida.

Mafi muni, Iya Tabawa ta daina faɗa. Ta nannaɗe bakin taɓarya da tsumma, ta ja turmi cikin ɗaki don kada dakanta ya tashi baƙi daga barci. Kaza ta shiga mata tsaki sai ta ce, "Kuss, baiwar Allah," da murya kamar ta amarya. Gari mai mutum tamanin da ɗoriya ya fi na mutum goma sha tara shiru. Na je na auna: taku arba'in. Bayan wata guda, ashirin da biyar.

Na ruga wurin mai gari. "Baba, ku ba mutanen nan fartanya! Ku bar su su yi daka!"

Ya dube ni kamar na ce ya ci mushe. "Mu sa baƙo aiki? Gara gamba ta cinye mu da mutuncinmu."

Na je wurin Marka. "Ku saki yaranku su yi ihu mana."

"A gidan mutane? Suna ciyar da mu, mu kuma mu cika musu kunne? Ba haka aka rene mu ba."

Na tara su duka a bakin rijiya na ce kowa ya yi hayaniya. Suka tsaya suna kallon juna, can Baba Shekarau ya daure ya ɗaga murya ya ce, "Ina kwananku?" Masunta suka amsa, "Lafiya lau!" Aka yi ta gaisuwa da ƙarfi har rana ta take. Gamba ko gezau, ta san na gaske ta san na wasa.

Sai na koma wa tsohuwar sana'ata, wadda ta kore ni daga gida. Na raɓa kusa da Iya Tabawa na ce, "Iya, kin ji abin da Marka ke faɗa? Wai miyarki kamar ruwan wanke kwano." Na ja baya ina jiran aradu. Tsohuwar ta haɗiye wani abu mai ɗaci, ta ce, "Gaskiya ta faɗa, baiwar Allah." Ran nan miya biyu ta yi musu. Ni da na raba aminai na shekara talatin da magana ɗaya, ga ni na kasa haɗa mata biyu faɗa. Na ji kunyar kaina ƙwarai.

A wata na huɗu saura taku bakwai. Ana jan guga inuwar gamba na faɗawa cikin rijiya. Wata safiya da hantsi Marka ta same ni ina wasa aska.

"Malam Cindo, tafiya za mu yi. Na leƙa rumbunsu jiya, ya kusa ƙasa. Tsohuwar nan da ƙyar take miƙe baya. Mun zo mu taimaka mun zama kaya. Kuma ba za mu yi sallama ba, don in mun yi za su durƙusa su roƙe mu."

"Ina za ku?"

"Bakin tafkin da babu."

Na roƙe ta har da kama ƙafa, ta ƙi. Zuciyata ta karye, ba don naɗin ba wallahi, na ma manta da shi. Ni na ɗebo mutanen nan da bakina, ni na sa tsofaffin nan suka sake sa rai. Ina tsaye ina kallo suka ɗora kwalekwale a ka, suka bi bayan gidaje da sanɗa, iyaye mata sun rufe bakin yara da tafin hannu.

Ba su san Iya Tabawa ta bayan gidaje take dawowa daga rijiya ba, don kada baƙi su gan ta da tulu su ji nauyi. Suka yi kiciɓis a wata 'yar siririyar hanya.

"Ina zuwa haka da jirgi a ka?"

Marka ta sauke kayanta ta durƙusa. "Iya, mun gode. Allah ya saka da alheri, Allah ya..."

"Ban tambaye ki godiya ba. Ina zuwa?"

"Mun ga rumbu ya yi ƙasa ne, Iya. Muka ce mu rage muku nauyi."

Tsohuwar ta dubi kwalekwalen da ke kansu. Sai ta saki tulun ya tarwatse, wata huɗu na haɗiye magana suka fito lokaci guda.

"Wa ya aike ki leƙen rumbuna? Wata huɗu ina daka da karyayyen baya, sai ku sulale ta bayan gida kamar ɓarayin akuya? Na cikina ma haka suka yi mini, ko sallama babu! Na tashi na ga tabarma a naɗe! Ku ma haka za ku yi? Butulu! Masu ƙarnin kifi!"

Baba Shekarau ya iso yana haki, ya dafe kai. "Tabawa! Baƙi ne fa!"

Amma Marka ta riga ta miƙe. Ta kwance ɗankwali ta ci ɗamara da shi.

"Butulu? Mu? Wa ya ce ki daka? Sau nawa na miƙo hannu kika ture? Kun turke mu kamar ragunan layya, a kawo mu ci, a kawo mu sha! Dubi hannuna, hannun da ke jan taru, ya yi laushi kamar na jariri! 'Ya'yana sun manta yadda ake dariya! Kuma tunda yau ranar gaskiya ce, Iya, miyarki ba gishiri!"

"Miyata?"

"Miyarki!"

"Wadda kike siɗe kwanon?"

"Yunwa ce, ba daɗi ba!"

Daga nan wuta ta kama ko'ina. Wani masunci ya ce da Baba Shekarau gaisuwarsa ta cika tsawo, mutum na jin fitsari ba a sake shi ba. Baba ya manta da al'ada ya ce shi kuma minsharin masuncin ya hana unguwa barci wata huɗu. Iyaye mata suka saki bakin yara don su sami hannun nuna juna, yaran suka ɓarke da kukan da ake binsu. Ni kuwa na sami abin da na iya. Na riƙa kewayawa ina tuna wa kowa abin da ya manta bai faɗa ba.

Ana cikin haka sai muka ji shuuu, kamar ana jan zana a ƙasa. Muka waiga. Gamba ce ke gudu. Ta bar rijiya, ta bar masussuka, rumfunan kasuwa suka fito fili da turakunsu, can bayansu ga kunyoyin gonaki a jere. Kowa ya saki baki, sai na ga ciyawar ta tsaya ta karkato kunne.

"Kada ku yi shiru!" na ƙwala ihu. "Ke Marka, me kika ce game da daddawarta?"

Amma Iya Tabawa ta riga ta zauna a kan kifaffen kwalekwale, tana dariya hawaye na bin kumatunta. Ta kamo hannun Marka ta riƙe gam.

"Shekara goma sha ɗaya," in ji ta, "rabon da wata 'ya ta tsaya gabana ta mayar mini da magana." Ta fyace hanci da bakin zane. "To uwar 'yan baki, wuce ki ɗauko taɓarya. Gishiri na cikin ƙwarya a rataye, tunda ke ce gwana."

Kada ku zaci daga nan komai ya miƙe. Masunta suka riƙa riƙe fartanya kamar filafilin tuƙa kwalekwale, daminar farko suka nome gero suka bar ciyawa. An yi rikicin iyakar gona har sau tara, an yi na akuya ba adadi. Masuntan kuma suka haƙa kududdufi a bayan gari suka zuba kifi, tsofaffi suka ce ba za su ci ba, sannan suka riƙa aikowa a sayo musu a ɓoye. Ni na yi askin suna goma sha huɗu cikin shekara biyu, aka naɗa mini rawanin da ya fi kaina girma. A nan na rataye zabira, kuma ban sake jin ƙafata na ƙaiƙayi ba.

A damina ta uku Iya Tabawa ta rasu, suna tsakiyar gaba da Marka a kan wata kaza. Marka ce ta yi mata wanka, ita ta ɗinka likkafani. Kukan da ta yi ran nan sai da gamba ta ƙara ja da baya da faɗin gona guda.

Bayan arba'in wasu fatake suka sauka a kasuwarmu, don yanzu tana ci duk Laraba. Ina yi wa ɗayansu aski a gindin tsamiya, Marka na kusa tana sayar da busasshen kifi. Mutumin ya ji harshenta ya bambanta da na tsofaffin, ya ce, "Baiwar Allah, ke baƙuwa ce a garin nan ko? Daga ina?"

Marka ba ta ko ɗago kai daga farantinta ba. Ta nuna bayan gari da haɓa.

"Ka ga maƙabartar can? Uwata na kwance a ciki. Kifin na nawa za a ba ka?"